Takalmin da Ya Rage a Kwando

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin gidan Tamanaha ya san Hatsue, ko ya manta fuskarta ba zai manta muryarta ba. Gajeruwar mace ce mai shekara sittin da uku, rana ta gasa ta har ta gaji, kullum da tawul a wuya da wata tsohuwar malafa da iskar teku ta yi shekaru tana neman ƙwacewa ta kasa. Ƙarfe takwas na safe za ka same ta a bakin kwatar jiragen ruwa ta ƙauyensu, a yammacin tsibirin Okinawa, ta dasa ƙaton kwandon roba shuɗi a gabanta, tana tare baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Takalma a nan, ranku ya daɗe! Jirgin nan ɗaki ne, ba a shigar mana da takalmi. Ke 'yar nan, har da naki mai tsinin, kifi ba ya kallon ƙafa."

Ɗanta Morihide, wanda shi ne matuƙi kuma mai jirgin, yana da sunayen baƙi a waya, yana ƙirga kawuna sau uku a yini. Ita kuwa ba ta yarda da waya ba. Kwandonta ta yarda da shi. Kowa ya zuba takalminsa, har ita da ɗan da uban, a tura kwandon cikin rumfa, in an dawo da yamma kowa ya ɗauki nasa. Kwando ya koma wayam, to kowa ya dawo. Shekara goma sha tara ke nan, ko wari ɗaya bai taɓa kwana a ciki ba, kuma tana faɗin haka ga duk wanda ya tsaya kusa da ita, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Mijinta Seikichi kuwa, in ka tara maganar da yake yi a shekara, ba za ta kai wadda Hatsue ke yi kafin ruwan shayi ya tafasa ba. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake nutso da mashi yana kamun kifi, har kifi ya yi ƙaranci, ɗansa ya shafe jirgin da farin fenti ya koma ɗaukar masu yawon shaƙatawa. Yanzu, da shekara sittin da takwas, aikinsa guda ne. A wurin da suke tsayawa ba a jefa anga, ƙarfen nan na tsayar da jirgi, don tana farfasa duwatsun murjani na ƙasan teku. Akwai wani zoben ƙarfe da aka kafa a ƙasan ruwa. Shi ne zai nutsa da numfashi ɗaya ya ɗaure igiyar jirgi a jikin zoben. In za a tashi ya sake nutsawa ya kwance, ya bi ta ƙarƙashin jirgin ya ɓullo ta baya, ya hau tsani, ya ƙwanƙwasa jikin jirgin sau biyu da ƙotar wuƙarsa. Ƙwan, ƙwan. Wannan ita ce sallamarsa. Morihide na ji daga gaba sai ya tayar da inji, tsohon kuma ya miƙe a bayan akwatin inji, ƙarƙashin tamfol, ya rufe fuska da hula har kwata. Rigar ceto kuwa, ko a hannu bai taɓa riƙe ta ba.

Ranar da abin ya faru, da rigima aka tashi a gidan, in har za a kira abin da mutum ɗaya ke yi rigima. Jiya-jiyan Hatsue ta je asibiti, likita ya ce jininta ya hau. Da safe suna karyawa ta kwashe labarin kaf ta zuba wa mijinta: lambar da na'ura ta nuna, ƙwayoyin da aka ba ta, gishirin da aka hana ta, har da yadda likitan ya tsuke fuska. Ta gama, ta zuba masa ido. Seikichi ya kurɓi romo ya ce, "Hm."

"Hm? Shi ke nan? Na ce maka jinina ya hau, ka ce hm? Shekara arba'in ina aure da buhun siminti ban sani ba! To ka ji, yau ko kallonka ba zan yi ba. In na kalle ka a canza mini suna."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Haushi ya ƙara turnuƙe ta, don ko musu bai yi ba.

Baƙi ashirin da huɗu suka ɗauka ranar. Akwai amarya da ango daga Taiwan, da wasu 'yan ofis takwas daga Osaka waɗanda tun a kwata suke ihu, da iyali guda masu 'yar yarinya mai tabarau na ruwa ruwan hoda, sauran kuma irin waɗanda ba ka tuna su. Minti arba'in suka yi kafin su kai wurin. Seikichi ya zame cikin ruwa, ya ɗaure, ya dawo. Sai biki ya fara.

Da farko aka zuba su a ruwa da tabarau da bututun numfashi, suka yi ta lilo a saman murjani kamar wanki. Wani kunkurun ruwa ya wuce, sai ka ce an ga ɗan sarki. Daga nan ƙaramin kwalekwale mai gudu, wanda wasu maƙwabta ke kawowa da hantsi, ya iso da doguwar robar nan mai siffar ayaba. Mutum shida su hau su riƙe, a ja su da gudu, a karya kwana da gangan a watsar da su. Kuma kuɗi suka biya a yi musu haka! Hatsue ta yi shekara goma sha tara tana kallo, har yau abin bai daina ba ta mamaki ba. Bayan ayaba sai babur ɗin ruwa, bayan babur sai lema, wadda ake ɗaure mutum biyu a ja su har su tashi sama su koma kamar ƙudaje. Amaryar tana dariya a sama, angon idonsa a rufe gam, yana sauka ya rungume bokiti. Hatsue na tsaye tana ɗaure wa wannan riga, tana fesa wa wancan ruwa a ido, tana raba dunƙulen shinkafa da taliya mai romo, bakinta bai huta ba. Duk lokacin da mijinta ya gifta sai ta juya masa ƙeya, ta kuma tabbata ya gani.

Wajen ƙarfe uku iska ta juya, ruwa ya fara tsalle. Kwalekwalen maƙwabta ya tattara kayansa ya tafi. Morihide ya jera baƙi ya ƙirga: ashirin da huɗu. Ya sake: ashirin da huɗu. Ya leƙa ta gaba ya ce, "Baba, a kwance." Tsohon ya nutsa. Igiya ta saki, Morihide ya naɗe ta, ya koma kan sitiyari yana jiran sallama.

A daidai nan wani ɗan Osaka, mutumin kirki mai son tsafta, ya ga yashi a cikin takalmin ninƙayar da aka ara masa. Ya miƙa hannu waje ya buga shi a jikin jirgin don ya kakkaɓe. Ƙwan, ƙwan. Inji ya tashi.

Hatsue na durƙushe wajen mata uku da amai ya kama, da bokiti a kowane hannu. Da ta samu kanta, ta zuba shayi a kofin mijinta kamar kullum, ta je bayan jirgin, ta kawar da kai gefe don cika rantsuwarta, ta dangwarar da kofin kusa da tamfol.

"Ga shayinka nan, buhun siminti."

Ba a amsa ba. To yaushe aka taɓa amsawa? Ta yi tsaki ta koma.

A kwata ta jawo kwando daga rumfa, baƙi suka yi ta tono suna dariya, ja-ja-wur da su saboda rana. Mai tsini ta ɗauki nata, ango ya ɗauki nasa yana tangaɗi. Morihide ya zura nasa, ita ma ta zura nata. Ta ɗaga kwandon za ta kife shi, sai ta ji wani abu ya motsa a ciki. Silifa ne fari mai shuɗin maɗauri, dunduniyar ta cinye ta gefe guda, an sassaƙa ɗan kifi a jikin kowane wari. Ita ta sassaƙa da wuƙar kicin, don silifan ƙauyen duk iri ɗaya ne.

Ta ɗaga murya, "Kai Morihide, tashi uban nan naka, ya zo ya ɗauki tsummansa."

Morihide ya je ya ɗaga tamfol. Hula ce kawai a wurin, da kofin shayi cike, ko kurɓa ba a yi ba. Ya juyo ya kalli uwarsa. Ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta koma haka ba, fari fat har leɓe.

"Inna... ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan? Duba banɗaki."

"Na duba. Inna, na ji ƙwanƙwasa. Na rantse na ji!"

Kwandon ya suɓuce daga hannunta. Wani abu ya tsinke mata daga ƙirji ya faɗi ƙasa, ta ji faɗuwarsa sarai kamar an saki dutse a rijiya. Wayyo! Minti arba'in. Minti arba'in tana zirga-zirga a jirgin nan, ta je har inda yake kwanciya, taku ɗaya tsakaninta da tamfol, ta zagi wurin da babu kowa. Da ta juya ido sau ɗaya, sau ɗaya tak, da tun suna kusa aka koma. An ƙirga baƙi sau uku, ba wanda ya taɓa tunanin a ƙirga na gida. Tsoho mai shekara sittin da takwas, babu riga, babu abin kamawa, ruwa ya fara janyewa, rana kuma ta karkata.

Baƙin da ba su tafi ba suka yi cirko-cirko. Ɗan Osakan nan da ya fahimci abin da ya faru, sai ya zauna daɓas a kan siminti ya dafe kai. Morihide na kiran masu ceto a rediyo. Masunta biyu da ke gyaran raga suka watsar suka tayar da nasu jiragen. Hatsue ba ta san lokacin da ta koma cikin jirgi ba, da silifan a ƙirji, kuma a karo na farko a rayuwarta ta hau shi da takalmi a ƙafarta.

Komawar nan ta fi shekara tsawo. Da suka isa kan zoben, babu komai sai ruwa, yana ta tashi yana faɗuwa kamar bai ci kowa ba. Morihide ya yi ta kewaya yana ƙwala kira, "Baba! Baba!" har muryarsa ta dishe. Ya ce za su bi kudu, wajen gari, don mutum gida zai nufa.

Hatsue ta kama hannunsa. Wata magana ce ta faɗo mata, wadda mijinta ya yi tun suna sabon aure, ranar da aka tsamo gawar wani abokinsa. A lokacin ya ce, wanda ya yi kokawa da ruwan nan ya mutu. Ka kwanta rigingine ka bar shi, in yana janyewa kan duwatsun arewa yake zubar da kayansa. Maganar ta zauna mata ne don da wuya ya haɗa jimla biyu a jere.

"Arewa," ta ce.

"Inna, arewa ai fita teku ne!"

"Na ce arewa. Ubanka ba zai yi iyo zuwa gida ba, ya fi ƙarfin wannan wautar. Juya!"

Sun yi kusan rabin awa suna tafiya a hankali, rana tana dukan ido, kowane kumfa sai ya zama kan mutum. Can Morihide ya yi wata ƙara. A kan tudun murjani, inda igiyar ruwa ke fashewa, ga wani baƙin abu tsaye, ruwa iya ƙirji, in igiya ta zo ya ɓace, in ta wuce ya bayyana. Bai ɗaga hannu ba, bai yi ihu ba. Tsaye kawai yake kamar mai jiran mota.

Da suka matsa ya iyo a hankali ya kama tsani. Ƙafafunsa duk murjani ya yayyanka, jini na bin ruwa, leɓensa ya yi shuɗi, jikinsa na kaɗawa. A wuyan hannunsa ga tabarau ruwan hoda na yarinyar nan: ashe shi ya hango a ƙasa bayan ya kwance igiya, ya koma ɗaukowa. Ya hau, ya zaro wuƙarsa, ya ƙwanƙwasa jikin jirgin sau biyu. Morihide ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Tsohon ya zauna, ya ɗauki kofin nan da ke wurin tun ɗazu, ya shanye.

"Ya huce," ya ce.

Kowa ya zaci Hatsue za ta yi kuka, ko ta rufe shi da faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye masa silifansa a gaba, ta koma gefe ta zauna.

Seikichi kwana ɗaya ya yi a asibiti, aka naɗe masa ƙafa aka sallame shi. Wadda ba ta warke ba ita ce Hatsue. Ta daina magana. Ba gaba take yi ba, gaba ai da ƙarfi ake yin ta. Zama kawai take ta zuba wa bango ido. A ba ta abinci ta riƙe tsinken ci har abincin ya huce. Shayi ya ƙone a kan wuta tana kallo. Gidan ya yi tsit, har maƙwabta suka fara leƙowa, don shekara arba'in ba su taɓa jin ƙarar agogon bangon gidan Tamanaha ba sai yanzu.

Rana ta huɗu yayar Seikichi ta zo, Goggo Tsuru, mai shekara tamanin da ɗaya, tana dogara sanda. Ta kalli Hatsue, ta ɗaga mata fatar ido, ta taɓa tafin hannunta.

"Ku duk makafi ne? Kurwarta ce ta faɗi. Tsoro ya girgiza ta, ta zube, kun bar ta a waje kwana huɗu rana na dukanta. Ke, a ina kika ji abin?"

Da ƙyar Hatsue ta ce, "Gaban kwando."

"To sai a je a ɗauko. A kawo rigarta, da tsakuwa uku, da shinkafa da gishiri. Ni gwiwata ba za ta durƙusa ba. Morihide, kai za ka kira."

Seikichi, wanda tun yana saurayi yake fita daga ɗaki in an fara irin wannan zance, ya miƙa hannu ya karɓe rigar daga hannun ɗansa.

Washegari ƙarfe takwas, kwata cike da sababbin baƙi suna shafa man rana, aka zaunar da Hatsue a kan akwatin kifi. Seikichi ya durƙusa da naɗaɗɗun ƙafafunsa a daidai inda kwandon ya faɗi. Ya jera shinkafa da gishiri, ya ɗora tsakuwa uku a kan rigar, ya fara kamfato iska da hannu biyu yana zubawa a kai, yana motsa baki.

Goggo Tsuru ta buga sanda a ƙasa. "Da wannan muryar ko sauro ba zai waiwayo ba. Matarka ce, ita da ba ta jin magana sai an yi ihu, kurwarta ce za ta ji raɗa? Buɗe baki, Seikichi!"

Ya yi gyaran murya. Sai wata murya ta fito, babba, a tsattsage, irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Masunta suka saki raga. Baƙi suka juyo.

"Kurwar Hatsue! Kurwar Hatsue! Taso ki biyo ni gida. Ga shinkafa, ga abinci, taso mu tafi!"

Iyakar abin da ake faɗa ke nan, sau uku. Ya faɗa sau uku. Goggo ta ɗaga hannu alamar ya isa, amma tsohon bai tsaya ba.

"Taso mana! Gidan ba ya zaunuwa. Na kwana huɗu ina jin agogo. Ba laifinki ba ne, ni na koma ɗauko tabarau. Kuma na ji abin da kika ce. Ɗari da sittin da takwas. Farar ƙwaya da safe bayan abinci, rabin ja da yamma. Ban da gishiri, ban da romon taliya. Likitan ya tsuke fuska. Duk na ji! Tsoro ne ya kama ni, ban san me zan ce ba, shi ya sa na ce hm. A cikin ruwan nan ma abin da nake ta tunani ke nan, wa zai tuna miki rabin jar."

Morihide ya saki baki. Goggo Tsuru, wadda ta goya shi yana jariri, ta ce a hankali, "Tabɗi. Ashe yana da harshe."

Ya tashi da ƙyar, ya zo ya yafa mata rigar, ya shafa bayanta sau uku, ya damƙa mata tsakuwar a hannu. Hatsue ta ji ɗumin tafinsa ya ratsa ta. Sai kukan da ya maƙale kwana biyar ya ɓalle, mai ƙarfi, da majina da komai, a gaban baƙi ashirin da wani abu. Ta yi mai isarta, ta share fuska da tawul ɗin wuyanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Shekara arba'in kana tara magana, sai a gaban mutane za ka zubar, ka faɗa wa duniya hawan jinina? Kuma dubi gishirin da ka zuba, rabin gwangwani! Tashi daga rana, ƙafarka za ta kumbura."

"Hm," in ji Seikichi.

Har yau tana bakin kwata da kwandonta, tana tare masu takalmi mai tsini. Abu ɗaya ne ya canza. In an gama wasa za a tashi, ko an ƙwanƙwasa sau goma Morihide ba ya taɓa makunnin inji, sai uwarsa ta taka har bayan jirgi, ta ɗaga tamfol, ta cire hular ta kalli fuskar tsohon ido cikin ido. Sannan ta miƙa masa shayinsa a hannu, ta tsaya a kansa har sai ya ce wani abu.